Baƙar Jita ta Bikin Asabar

A tashar Dutsin-Ma, motar Kano na jiran fasinja ɗaya ta cika, sai wani saurayi ya miƙa wa dattijuwar da ke gefensa waya da hotuna biyu a kai.

"Hajiya, don Allah taya ni zaɓe. Ja ko baƙa?"

"Wannan wace irin garaya ce?"

"Jitar bes ce, mai lantarki. Ita ke ba da amon nan da ake ji har cikin ƙirji. Jar tsirkiyarta huɗu, ba nauyi. Baƙar biyar gare ta, in na taɓa mai kaurin, ƙasa ma sai ta girgiza!"

"To ɗauki baƙar mana! Irin wannan amon nake so a bikin ɗiyata ran Asabar. Mun ɗauko makaɗa, an ce babu kamarsu."

"A ina?"

"Kurfi."

"Bikin Lubna? Hajiya, ai mu ne!"

"Ku ne? To ina taka jitar?"

"Ta aro ce, jiya mai ita ya karɓe abinsa."

Hajiya ta leƙa ta taga. "Direba, tada mota, na ɗauki kujerar da ta rage! Kai kuma ɗan nan, baƙar za ka sayo."