Ƙararrawar Runka

A tashar Safana, Malama Ramlat na jiran a-kori-kurar Runka, da sabuwar ƙararrawa a cinyarta. Wani dattijo ya leƙo.

"Ɗiyata, wannan fa?"

"Ta firamarenmu ce, Baba. Iyayen yara suka saya."

"Ba gara benci ba? Ai tsohon ƙarfen taya ma yana kiran yara."

"Shi kuma ake bugawa a gari in 'yan bindiga sun tunkaro. Yara na jin sa, sai su watse cikin gonaki."

Ta lumshe ido, tana hango su da safe suna tahowa a natse, ba mai waiwaye.

"Ɗan kaɗa ta in ji," ya ce. "Jikata tana can."

Ta kaɗa a hankali. Duk tashar, ba wanda ya gudu.