Ashe Ciwon Falmata Gadona Ne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da masu saurare baki ɗaya. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ne ke gaishe ku daga Diffa, mai tabarau da tarin littattafai.

Ɗiyata Falmata ko tuntuɓe ta yi sai ƙashi ya karye, har mai ɗori ya zama ɗan gida. Ni kuwa da ilimina na yanke hukunci cewa jinin dangin uwarta ne. Na yi ta faɗa har matata ta yi yaji, ta koma Gagamari wurin iyayenta.

A Yamai likita ya yi wa yarinyar aiki, ya zura ƙarfe cikin ƙasusuwan cinyoyinta don su daina karyewa. Bayan nan ya ce, "Malam, cire tabarau." Ya ga farin idona shuɗi-shuɗi irin nata, alamar ciwon ke nan, ya tambaye ni ko na sha karaya ina yaro. Na sunkuyar da kai, na ce haka ne. Ya ce, "Gadonka ne."

Yanzu Falmata tana kwance, uwarta take kira. Jama'a, da wane baki zan je biko? Baba surukina, na san rediyonka a kunne take. Ina tafe ranar Juma'a, a yi mini sassauci.