Yadda Na Zama Yatsan Shibani

Kuɗin tafiyar ma daga gadona suka fito, gadon ƙarfe na aurena, wanda wata malamar lakwal, wato makarantar boko, ta saya a Zinder tana yatsina wai ya yi tsatsa. Shekarar nan gero bai kai gwiwa ba ya bushe a tsaye, duk Droum babu rumbun da za ka leƙa ka ga abin kirki. Mijina ya riga ya yi kudu neman aiki, shiru kake ji. Na bar wa uwata yara biyu na hau kamiyo, babbar motar kaya, muka yi arewa. Ke Balki, ci gaba da ɓarar gyaɗarki, ai ba da hannu ake saurare ba.

Hanyar Sahara ba zan ba ku labarinta yau ba, sai ku kasa cin tuwo. Mun dai isa Tamanrasat da rai. Abin da na tarar a can shi ne tsoro. Duk wanda ba shi da papiye, wato takardun zama, motocin 'yan sanda ne ke yawo a unguwanni suna kwashewa, a kai mutum bakin iyaka a sauke shi cikin yashi, a ce ya taka. Wata da muka zo tare ta fita sayen burodi, ban sake ganinta ba. Ni ko ƙarar babur na ji sai in nemi wurin ɓuya.

Ya Fanna ce ta cece ni, wata Babarbariya 'yar unguwar Birni ta Zinder da ta daɗe a garin tana sama wa mata aikin gida. Ta kai ni wani gida mai ƙofar ƙarfe, ta ce, "Ƙanwata, in kin shiga nan, ko shara aka ce ki zubar a waje, ki ce ƙafarki na ciwo."

Matar gidan, Madam, doguwa ce mai baƙin gilashi, kullum cikin sauri. Na zaci wanki ne da shara. Sai ta wuce da ni ɗakin ubanta, wani tsoho da kowa ke kira Shibani, hannuwansa suna rawa kamar mai jin sanyi. Ta ɗora mini wani faifan gilashi a cinya, tablat suke ce masa. Ni tabarma na yi ta kiransa har Madam ta gaji da gyara mini. Ya Fanna ta fassara: tsohon nan wasan karta yake yi a ciki, hannu ya ƙi, ni zan zama yatsansa.

"Ki gaya mata," in ji Madam, "saboda wasan nan kawai na ɗauke ta. Ranar da ya daina, ba ni da aikin da zan ba ta."

Aka kunna. Wallahi saura kaɗan in jefar da abin. Ba irin kartar da samari ke bugawa a gindin bedi ba ce. Ƙasusuwan mutane ne riƙe da takobi, da macijiya mai fukafukai tana aman wuta, kuma suna motsi, suna gurnani. Na yi ta a'uziyya a zuci. Kwana da kwanaki ina mafarkin macijiyar nan.

To amma yunwa ta fi ta muni, sai na koya. Ku biyu ne kuke faɗa, kai da wani da ba ka gani, yana can wata duniya da nasa tablat. Kowa da ransa a rubuce a gefe, wanda nasa ya fara ƙarewa an cinye shi. Bi da bi ake yi. In naka ya zo, a ba ka sabuwar karta ɗaya, a kuma ba ka wasu ɗigo-ɗigo shuɗaye, ni ruwa nake ce musu. Kowace karta da ruwan da take sha kafin ta sauka fili. Da farko ɗigo ɗaya ne, sai ƙananan dakaru za ka iya fitarwa, kowane zagaye ana ƙara maka, har ka kai ga manya. A jikin karta akwai lamba biyu, ɗaya ƙarfin dukanta, ɗaya dukan da za ta iya sha. Ka ja taka da yatsa ka ɗora kan ta abokin gaba, su gwabza. In ya tsayar da mai garkuwa, dole ka kashe shi tukuna kafin ka taɓa ransa. Ka gama, ka danna fini, wato an gama. In ka tsaya tunani, wata igiya ta kama da wuta a tsakiyar gilashin, tana cinyewa naka ya wuce.

Shibani ya iya Hausa guntu-guntu, ya taɓa fataucin dabino zuwa Agadas. Amma in wasa ya yi zafi sai Larabci. "Zid! Zid!" wai ƙara. Mutumin nan bai san ajiya ba. Duk abin da ke hannunsa sai ya zube shi a fili.

"Baba, a bar wannan babbar mana, ko don gaba."

"Gaba ina? Ruwan da ba ki sha ba ba ya kwana. Saka!"

Gaskiyarsa ne, ruwan da ya rage zubewa yake in ka danna fini. Amma ni ba na son in ga hannu wayam. Kullum bayan la'asar akwai wani mai hoton kura da muke karawa da shi, in Shibani ya cinye shi sai ya yi ta dariya har da tari.

Wata safiya na kawo masa shayi na tarar bakinsa ya karkace. Lokotoro, wato likita, ya zo ya tafi. Rai yana nan, ido yana gani, magana ce babu. Ni kuwa tsakani da Allah na ji tausayinsa, amma abin da ke kaina motocin nan ne. Da la'asar ta yi na ɗauko tablat na zauna inda na saba, na kunna, na ƙara masa murya yadda za a ji gurnanin har kicin. Madam ta leƙo.

"Me kike yi?"

"Wasa yake so, Madam. Da ido yake nuna mini."

Ta dube shi, ta dube ni, ta fita. Shibani kuwa idonsa na kaina, bai ƙifta ba.

Haka na ci gaba, ni kaɗai nake wasa, ina juyawa ina cewa "To, Baba" don masu wucewa. Sai dai wasan 'yar Droum nake yi. In babbar karta ta zo sai in ɓoye ta, kamar yadda muke ɓoye iri a tulu ko yara na kuka. Ina fitar da ƙanana ɗaya-ɗaya, hannuna cike fal, har sabuwar karta ta zo ta rasa wurin zama ta ƙone. Wani lokaci in ci, sau da yawa a cinye ni da manyan dakaruna a hannu ko fili ba su gani ba.

Ashe mai hoton kuran nan ɗansa ne, yayan Madam da ke Faransa. Wa ya gaya mini? Wata la'asar muna tsakiyar wasa sai ga Madam da salula a kunne, fuskar nan babu annuri. A lokacin na riga na fara jin Larabcinsu.

"Yayana ya ce ba Baba ke wasa da shi ba. Ya ce tun yana yaro bai taɓa ganin Baba ya riƙe karta ba. Wai wannan wasan mai tsoron gobe ne."

Ta jawo kujera ta zauna.

"Bismilla. Ya nuna miki in gani."

Namu ne, igiya ta kama da wuta. Macijiyar tana hannuna, ga ruwa ya isa. Na juya wajen tsohon, hawaye ya hana ni ganinsa sosai. Ban ce "To, Baba" ba, ƙaryar ta ƙi fita. Idonsa bai je kan gilashin ba ko sau ɗaya. Igiya ta cinye, namu ya wuce, ɗan ya ragargaje mu. Madam ta miƙe ta ce in tattara kayana, gobe in nemi Ya Fanna. Ya Fanna kuwa an kwashe ta tun watan da ya wuce, Madam ma ta sani.

Na ajiye tablat zan tashi, sai na ji an kama ni. Hannun Shibani ne a wuyan hannuna, yana rawa, amma ya riƙe gam. Madam ta ce, "Baba, sake ta." Bai sake ba. Ta sa hannu tana ɓamɓare yatsun, in ta ɗaga ɗaya sai ɗaya ya koma, har farcensa ya shige mini fata. Wani sauti yake yi a maƙogwaro, fuskarsa ta yi ja. Madam ta tsorata ta bari. Ta tsaya tana kallonmu, can ta ɗauki salularta ta fita, ba ta sake tayar da maganar ba.

Na zauna a gidan har damina biyu ta wuce a nan Droum. Tablat aka kai shi cikin akwati. Ni ke ba shi kunu da cokali, ni ke juya shi a gado, abin da ake biyana Madam ke aika wa uwata, shi yaran nan suka ci. Ƙofar ƙarfen nan ban taɓa tsallake ta ba sai bayan an fitar da gawarsa.

Madam da kanta ta kai ni tasha a motarta, ta tsaya a bakin taga har direba ya tayar, don kada wani ya tambaye ni papiye. Na dawo Droum da bargo biyu da abin sayen akuya. A cikin motar na yi kukan tsohon nan, tun daga Tamanrasat har muka shiga yashi, don a gidan makokin dangi sun cika ko'ina, ni ina kicin ina dafa musu shayi.