Shagon da ke Amsa Sunan Marigayi

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne Garba, masinjan gidan waya, daga Ƙofar Na'isa.

Ran Talatar nan aka ba ni wani ƙunshi daga Ikko, an rubuta "Kamfanin Ɗinki na Sani da Ƙannensa, Koki." Tun hantsi nake zagaye unguwar Koki a kan keke har azahar, ba wanda ya san wannan suna. Raina a ɓace na tsaya shagon Malam Inuwa tela in sha ruwa, ina ta mita. Sai mai shagon ya ɗago kai ya ce, "Kawo, nawa ne. Ni ne Sani."

Na ce, "Haba Malam! Shekara nawa ina kiran ka Malam Inuwa kana amsawa?"

Ya ce, "Malam Inuwa maigidana ne, shi ya koya mini ɗinki. Da ya rasu aka ce in yi rajista da sunana, na yi, amma wannan na takarda ne. Matarsa Iya ta makance, kullum tana zaune a soron can. In ta ji ana neman shagon Malam Inuwa sai ta yi murmushi. Ni zan raba ta da wannan?"

Wallahi nan take gajiyata ta gushe. Ina gaishe ka, Malam Sani. Jama'a kuma, in kun je Koki, ku tambayi shagon Malam Inuwa da ƙarfi, yadda Iya za ta ji.