Tsohon da Bai Tsai da Shawara Ba

A tashar motar Erie, jihar Pennsylvania ta Amurka, Lorraine ta zauna kusa da wani tsoho, rungume da takardun kamfe.

"Baiwar Allah, daga ina?" in ji tsohon.

"Daga California, Baba. Roƙon ƙuri'a na zo yi, gida-gida."

"Can babu gidaje ne?"

"Kowa ya san inda jiharmu za ta faɗa. Ko mun ƙara ƙuri'a miliyan, wakilan da jiharmu ke turawa su zaɓi shugaban ƙasa ba sa ƙaruwa. Ku kuwa 'yan dubbanku sun isa su naɗa shugaban ƙasa. A ƙirga ta kowa daidai mana!"

"Allah ya kiyaye!"

"To wa za ka zaɓa?"

"Ban tsai da shawara ba."

"Saura kwana biyar fa!"

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya. "Shekara arba'in jam'iyya ɗaya nake dangwala wa. Amma tun da matata ta rasu, sai lokacin zaɓe ake ƙwanƙwasa min ƙofa. Jiya ma mutum uku suka sha kofi a falona. In na faɗi gaskiya, wa zai dawo?"

Lorraine ta zaro biro. "Baba, lamba nawa ne gidan?"