Tsuntsun Mai Gidan Hayarmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da wannan sanyi marar kunya.

Ni manomi ne daga Gezawa. Ɗana Sani, wanda gwamnati ta turo karatu da arzikin man nan, shi ya kawo ni Landan a duba mini ido. Yana haya a Camberwell, gidan wata tsohuwar Baturiya.

Kwana uku da zuwana na leƙa bayan gida, sai ga gyaɗa ɓararriya cikin 'yar raga an rataye a reshe, tsuntsaye sun yi mata caa. Na ce baiwar Allah ta yi shanya, ɓarayi sun samu. Ina cin arzikin gida, in zuba ido? Na ɗauko tukunya da ludayi, na fita ina bugu ina "Haa! Haa!" kamar a gonar gero. Ko ɗaya bai saura ba.

Sai ga Baturiyar da tabarau mai hangen nesa a wuya, tana ta faɗa da Turanci. Sani ya fassara mini: "Baba, don su ta sayi gyaɗar. Akwai wani tsuntsu mai jan kai, shekara uku tana jiransa, yau ya sauka."

Na ce, "To, da miya za ta yi da shi?"

Ya ce, "Baba, don Allah yi shiru. Kallonsa kawai take yi. Ta ce in bai dawo ba, mu nemi wani ɗaki."

Yau kwana tara ina zaune bakin taga, ko tari ba na yi. Masu sauraro, duk wanda ya san yadda ake ba tsuntsu haƙuri, ya taimake ni kafin ƙarshen wata.

Naku, Malam Bawa.