Wuya Ba Laya

A Kwanar Dangora, mata biyu suna zaune a gindin tsamiya suna jiran motar Kano. Tsohuwar ta leƙa goyon ƙaramar.

"'Yar nan, ɗanki ko laya babu a wuya? Na fari ne?"

"Na huɗu ne, Iya. Uku sun koma."

"Kina wabi kika bar shi haka? Ba ki huda masa kunne ba, ba ki ajiye shi a juji ba?"

"Duk na yi wa na ukun. Har Ajuji na sa masa suna. Bai kai yaye ba."

"To wannan fa?"

"Ishaku. Bara muka zama Kirista, can wajen Tudun Wada. Na miƙa shi ga Yesu."

"Shi ya ce miki zai rayu?"

"Bai ce ba. Amma ko ya rayu ko ya koma, na san hannun da yake ciki. Yanzu ina barci, Iya."

Tsohuwar ta shafa ƙafar yaron.

"Biyar na binne. Shekara talatin ke nan, har yau ina farkawa in laluba tabarma." Ta miƙo hannu biyu. "Kwanto min shi in riƙe, kafin motar ta zo."